Filin Tambaya da Amsa: Kwamfuta ta ce na manta waƙafi, alhali ba waƙafi ba ne matsalar

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga Zariya, ina koyon Python a waya don ban mallaki kwamfuta ba tukuna. Ina so in haɗa 'yar manhajar da za ta riƙe sunayen iyayen yara na Islamiyyar unguwarmu. Na rubuta wannan layin:

print('Sunayen 'ya'yansa')

Sai ya ƙi tashi, ya kawo mini: SyntaxError: invalid syntax. Perhaps you forgot a comma? Na fahimci yana cewa ne wataƙila na manta waƙafi. Na zuba waƙafi biyu, sai ya sake salo ya ce NameError: name 'ya' is not defined. Wani lokacin kuma sai ya ɗora laifi a kan layin da na duba na sake dubawa, lafiyarsa ƙalau. Malam, ni ce ba ni da kan abin? Har na fara tunanin in haƙura.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kanki lafiya lau, kuma kada ki kuskura ki haƙura. Python ne ya yi hasashe, hasashen kuma bai dace ba. Alhamzar da ke cikin 'ya'yansa ce ta haddasa komai.

Ki duba madannin wayarki. Alamar da kika buɗe zance da ita da alamar da muke rubuta alhamza da ita, maɓalli ɗaya ne. Ke kin san ta farko buɗe magana ce, ta biyu da ta uku kuwa cikin kalma suke. Python bai san wannan ba. Kafin ya yi komai da abin da kika rubuta, sai ya bi shi daga hagu zuwa dama yana gutsura shi. Ya ga print, ya ga baka, ya ga alamar buɗe magana, sai ya yi ta tafiya har ya haɗu da irinta, ya ce to zance ya ƙare a nan. Saboda haka a wurinsa zance na farko shi ne Sunayen kaɗai. Daga nan sai ya ga kalmar ya tsirara a waje, ya ɗauke shi sunan wani abu da kika ajiye a baya. Sai kuma zance na biyu, yansa. Abu uku ke nan a jere cikin baka ba tare da abin da ya raba su ba. Mafi yawan masu yin haka waƙafi suka manta, shi ya sa ya ba ki wannan shawara. Da kika bi shawarar, jimlar ta yi daidai a nahawunsa, sai ya tafi neman wani abu mai suna ya, bai same shi ba. Asalin saƙo na biyu ke nan.

Gyaran ba shi da wuya. Ki buɗe da tagwayen alama, ki rufe da ita:

print("Sunayen 'ya'yansa")

Ni shawarar da nake ba duk mai rubuta Hausa cikin Python ita ce ya mayar da tagwayen alamar nan al'adarsa, domin alhamza ba ta ƙarewa a bakinmu: jama'a, sa'a, ma'ana, ɗan'uwa, 'yan makaranta. In alhamzar guda ɗaya ce a layin, kamar a 'Taron jama'a', saƙon zai canja ya zama unterminated string literal, wato an buɗe zance ba a rufe ba. Cuta ɗaya ce, fuska biyu. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ mai lanƙwasa sun huta da rabin wannan wahala, amma jama'a da sa'a na nan na jiran kowa.

Tunda sunayen mutane za ki ajiye, bari in riga ki gaya miki abin da ke gaba. Ranar da kika fara zuba sunayen cikin rumbun bayanai irin SQLite, in kika liƙa sunan kai tsaye cikin jimlar umarni, duk wata Sa'adatu da duk wani Mu'azu sai sun tsayar miki da aiki da saƙo irin near "adatu": syntax error. Kada ki gyara wannan ta hanyar cire alhamza daga sunan mutane. Sunansu ne, haƙƙinsu ne a rubuta shi daidai. Ki sa alamar tambaya a gurbin sunan cikin jimlar, ki miƙa sunan daban, rumbun ya san yadda zai yi da shi. Wannan ƙofar da alhamza ke shiga, ita ce ɓarayin intanet ke bi su cusa nasu umarnin, don haka rufe ta wajibi ne ko da babu Sa'adatu a unguwarku.

Sai batun layin da ake ɗora wa laifi alhali ba shi da laifi. Wannan shi ne abin da na fi so ki riƙe. Sashen da ke nazarin nahawun kod ba ya gaya miki inda kika yi kuskure. Inda ya kasa ci gaba yake gaya miki. Ya nuna miki inda aka faɗi ne, ke kuma sai ki koma baya ki nemo inda aka yi tuntuɓe. Ga misali:

kuɗi = (500 + 250
print(kuɗi)

An buɗe baka a layin farko ba a rufe ba. Amma Python ya yarda mutum ya tsallaka sabon layi muddin yana cikin baka, don haka da ya kai ƙarshen layin farko bai ga aibu ba. Jira yake a ci gaba da lissafi. Sai da ya ci karo da print sannan abin ya ƙi haɗuwa. Shekara da shekaru, abin da ɗalibi ke gani a nan shi ne invalid syntax da ɗan tsinke a ƙarƙashin layi na biyu, layin da babu abin da ya yi. Sai a sigar 3.10, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, aka koya masa ya tuna inda aka buɗe bakan ya ce '(' was never closed. Pablo Galindo Salgado ne ya ja ragamar wannan gyara, bayan da sigar 3.9 ta 2020 ta zo da sabon mai nazarin nahawu da ya ba da damar hakan. Ki lura, harshen ya fito tun 1991. Shekara talatin ana koyonsa da wancan gurguwar amsa, kuma Allah kaɗai ya san yawan waɗanda suka ajiye karatun suna zaton su ne ba su da kai. Shawarar waƙafin da ta ɓatar da ke ma cikin waɗannan gyare-gyare ta zo. Tana taimakon mutane da yawa, amma kalmar Perhaps da ke gabanta da gaske take: zato ne, ba hukunci ba.

Akwai kuma nau'in da ya fi addabar masu koyo a waya. In aka turo miki kod ta WhatsApp, ko kika kwafo daga takardar Word, alamun buɗe magana kan rikiɗe su zama masu lanƙwasa irin na littafi. A ido kusan ɗaya suke, a wurin kwamfuta haruffa ne daban. Python zai ce invalid character ya ba ki lamba kamar U+201C. In kuwa kika ga U+00A0, wani irin fili ne da ba a iya bambanta shi da filin da kika saba bugawa. Layin zai yi kyau a ido, amma ba zai tashi ba. Maganinsu duka ki goge wurin ki sake bugawa da hannunki. In madannin wayarki ne ke lanƙwasa alamun da kansa, ki shiga saitinsa ki kashe.

Don haka in saƙo ya ɗaure miki kai, ki fara da layin da aka ambata, in bai nuna komai ba ki hau sama layi-layi kina ƙirga baka da alamun magana, kowace buɗewa da rufewarta. Launin da manhajar rubutu ke sa wa kod babban mataimaki ne a nan: in kika ga launin zance ya malala ya rufe abin da ba zance ba, to ga inda alamar ta ɓalle. In fayil ɗin ya yi tsawo, ki kwafe rabinsa gefe ki gwada sauran, ki yi ta rabawa har ki ritsa layin. Allah ya sa albarka a aikin Islamiyyar nan.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Shafin da nake ginawa da JavaScript yana karɓo bayanai daga saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan shafin, sai ya riƙa cewa Unexpected token < in JSON at position 0. Na bincike kod ɗina kaf, babu wannan alamar a inda bai kamata ba. Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Ba a kod ɗinka take ba, a cikin amsar da saba ta maido maka take. Ka nemi bayanai a tsarin JSON, wato tsarin da manhajoji ke musayar bayanai da shi, ita kuma ta turo maka shafin HTML, wato shafin intanet irin wanda mutum ke karantawa, galibi shafin da ke cewa ba a samu adireshin ba, ko an samu matsala a can, ko kuma sai ka shiga da kalmar sirri. Shafin HTML da wannan alamar yake farawa, shi ya sa aka ce maka a matsayi na 0, wato harafin farko. Ka buga amsar yadda ta zo kafin ka miƙa ta a fassara, ka kuma duba lambar da ta zo da ita, 404 ce ko 500. A nan za ka ga ainihin abin da ya faru.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ina shekarar ƙarshe a karatun kimiyyar kwamfuta a Damagaram. Aikina na kammalawa shi ne ƙaramin harshen kwamfuta na yara da kalmomin Hausa, irin su idan, maimaita da rubuta. Da Flex da Bison na gina shi, wato manhajar da ke gutsura kod da wadda ke nazarin nahawunsa, kuma yana aiki. Damuwata ita ce duk kuskuren da yaro ya yi, abu ɗaya yake gani: syntax error. Abokaina sun ce in bar shi haka tunda ba a nan maki yake ba. Ya cancanci in ɓata lokaci a kai? In ya cancanta, ta ina zan fara?

AMSA: Lafiya lau ɗana, kuma wasiƙarka ta faranta mini rai ƙwarai. Ban yarda da abokanka ba. Yaron da ya zauna gaban harshenka, a makon farko zai fi ganin saƙon kuskure fiye da sakamakon da yake nema. Wannan saƙon shi ne malaminsa a lokacin da ba ka kusa. Ka sha wahala ka ba shi kalmomin idan da maimaita cikin harshen da yake magana da shi a gida, sannan a daidai lokacin da ya rikice sai na'ura ta amsa masa da kalma biyu na Ingilishi, yaron da ko a makaranta Faransanci ake koya masa? Ai aikin bai kammalu ba ke nan.

Waɗannan kalmomi biyu gado ne. Bison ya bi sawun Yacc, wanda Stephen Johnson ya rubuta a Bell Labs cikin shekarun 1970, lokacin da ƙwaƙwalwar kwamfuta ke da tsada kuma masu amfani da ita ƙwararru ne. Ba kai kaɗai wannan gado ya kama ba. PHP ya daɗe yana gaya wa mutane unexpected T_PAAMAYIM_NEKUDOTAYIM, sunan cikin gida da Ibrananci na wata alama mai ruwa biyu sau biyu, wanda ya fito daga maginan injinsa, Zeev Suraski da Andi Gutmans. Sai a PHP 8.0 na 2020 aka daina nuna wa jama'a wannan suna aka koma nuna alamar kanta. Darasin da ke ciki ya shafe ka kai tsaye: sunan da ka raɗa wa abu don amfanin kanka bai kamata ya isa idon yaro ba.

Ka fara da wuri, wato layi na nawa, harafi na nawa. Ka sa %locations a fayil ɗin Bison, ka sa Flex ya riƙa cika wurin kowane gutsure. Sannan ka buga wa yaron layin nasa da kansa, da ɗan tsinke a ƙarƙashin inda aka tsaya. Wannan kaɗai ya yi rabin aikin. A cikin manhajojin harhaɗa kod na harshen C, Clang ya yi suna da wannan salo, GCC ma ya bi sahu a sigar 4.8 ta 2013. Amma ga wani tarko da ya shafe mu musamman. Flex bayit-bayit yake ƙirga, wato ƙananan ma'aunan da kwamfuta ke ajiye haruffa da su, kuma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kowannensu bayit biyu ne a tsarin UTF-8. In yaro ya rubuta kuɗi ko ƙidaya a farkon layi, tsinkenka zai goce gaba da gurbi ɗaya a kan kowane harafi mai lanƙwasa, ya nuna abin da ba shi ba. In kana ƙirga gurbi, ka tsallake duk bayit ɗin da ke tsakanin 0x80 da 0xBF, domin ci gaban harafin baya ne, ba sabon harafi ba.

Daga nan sai abin da saƙon zai ce. In ka rubuta %define parse.error verbose, Bison zai fara faɗin abin da ya gani da abin da yake sa ran gani. Ka ba kowane gutsure laƙabi a inda ka ayyana shi, don ya riƙa nuna baka ko kalmar idan maimakon sunayen manyan baƙaƙe da ka ƙirƙira. Sai dai ka sani, in abubuwan da ake sa rai sun wuce huɗu, jerin gaba ɗaya yake zubarwa, kuma wani lokaci jerin kan zo da kuskure in ba ka kunna saitin parse.lac ba. Abin da ya fi dacewa da kai shi ne parse.error custom, wanda ya zo a Bison 3.6 a 2020. Da shi, kai ne za ka rubuta aikin da ke haɗa saƙon, Bison ya miƙo maka gutsuren da ya tsaya a kai da jerin waɗanda da sun dace. A nan ne za ka rubuta komai da Hausa.

Ka kuma riƙe lissafin duk bakan da aka buɗe da layin da aka buɗe shi. In fayil ya ƙare akwai saura, kada ka ce an kai ƙarshe ba zato. Ka mayar da yaron inda ya buɗe:

Layi na 7: an buɗe baka a nan, ba a rufe ba.
rubuta(suna

Kurakuran da ka san yara za su yi ta maimaitawa kuwa, ka shigar da su cikin nahawun da gangan. Misali, ka rubuta ƙa'idar da ke karɓar kalmar idan ba tare da sharaɗi ba, aikinta kawai ta ce: bayan idan sai an faɗi sharaɗi, kamar idan shekaru > 10. Haka Python na yanzu ke yi. In karatun farko ya gaza, sai ya sake bi da wasu ƙa'idoji na musamman da aka tanada don gane kuskure. In za ka ba da shawara irin ta zato, ka faɗa a fili cewa zato ne. Wasiƙar ƙanwarmu ta Zariya da ke sama ta isa ta nuna maka abin da ke faruwa in ɗalibi ya ɗauki hasashe a matsayin umarni.

Za ka karanta batun farfaɗowa bayan kuskure, inda ake amfani da gutsuren error a watsar da abin da ya biyo baya har a kai ƙarshen jimla, a ci gaba da neman wasu kurakuran. Yana da amfani a manyan harsuna, inda jiran a sake harhaɗa manhaja ke cin lokaci. A harshen yara ban ga buƙatarsa ba. Kuskure na biyu da na uku sau da yawa 'ya'yan na farko ne, kuma allo cike da jan rubutu tsoro yake sa wa yaro. Ka faɗi guda ɗaya, ka faɗe shi da kyau, ka tsaya.

In da a farkon aikin kake, da na ce ka yi tunanin rubuta mai nazarin nahawun da hannunka, kowace ƙa'ida da aikinta, domin a nan kullum ka san a tsakiyar me kake, saƙon kuma sai ya zo da sauƙi. GCC ya bar Bison ya koma wannan hanya ga C++ a 2004, ga C a 2006, harshen Go ma ya yi haka a sigar 1.6 ta 2016. Amma kai kana dab da kammalawa, kuma abin da ka gina yana aiki. Kada ka rushe shi.

Abin da nake so ka yi a wannan makon shi ne ka samu yara uku ko huɗu, ƙannenka ko na maƙwabta, ka ba su harshen, ka zauna gefe ka yi shiru. Duk kod ɗin da ya ƙi tashi, ka adana shi yadda yake a fayil na daban, ka rubuta kusa da shi abin da kai da bakinka za ka ce wa yaron don ya gane. Waɗannan fayiloli su zama ma'auninka: duk sanda ka taɓa nahawun, ka sake bi da su duka ka tabbata kowanne na fitar da saƙonsa. Wannan ba sabuwar dabara ba ce, Clinton Jeffery ya bayyana irinta a 2003, ta samar da saƙonni daga misalan kod mai kuskure, kuma Go ya yi aiki da ita kafin ya bar Yacc. Ka sa babi guda a rahotonka a kan wannan, da misalan yaran da saƙon da kowanne ya samu kafin gyara da bayan gyara. In ka gama, ka aiko mini da jerin saƙonnin Hausar, ina so in karanta su ɗaya bayan ɗaya.